Russell Westbrook da Ruɗin Lamba Goma

Akwai gardamar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin masu bibiyar gasar ƙwallon kwando ta NBA a Amurka: shin Russell Westbrook ya cancanci kirarin da ake yi masa, ko zuzutawa ce kawai? Na daɗe a sahun masu kushe shi. Yanzu na sassauta, ko da yake ban tuba gaba ɗaya ba.

Westbrook madugu ne, wato mai ɗauko ƙwallo daga baya ya tsara hari. A kakar 2016-17, bayan Kevin Durant ya bar Oklahoma City ya koma Golden State, matsakaicin abin da Westbrook ya samu a kowane wasa shi ne maki 31.6, cafke ƙwallon da ya kuskure kwando sau 10.7, da miƙa wanda aka jefa sau 10.4. Rabon da wani ya kai goma a duka fannoni ukun tun Oscar Robertson a 1961-62. Aka ba shi kambun gwarzon shekara.

Masu suka suna da hujja. Wasa 47 ƙungiyar ta ci cikin 82, ta zo ta shida a Yamma, Houston kuma ta yi waje da ita a zagayen farko da 4-1. Mun ga yadda dogaye irin su Steven Adams ke tare abokan hamayya su bar masa ƙwallo ya cafke. Jifansa daga nesa bai taɓa zama abin dogaro ba, zamansa a Lakers ya ƙara tona wannan.

Sai dai barin ƙwallon nan dabara ce, domin da zarar ya cafke ya kan isa ɗaya kwandon kafin masu tsaro su daidaita. Ƙungiyar da ta rasa Durant kuwa, ba kowa zai goya ta har zagayen fitar da gwani ba.

A ganina, lamba goma aka zuzuta, ba mutumin ba. A kakar, James Harden ya samu maki 29.1, miƙawa 11.2, cafka 8.1, Houston ta ci wasa 55. Da cafkar Westbrook ta tsaya a 9.7, ina kyautata zaton Harden za a naɗa. Da ina da ƙuri'a, shi zan bai wa.