Ɗaukar Sautin Ganga a Gida: A Fara da Ɗakin

Yawancin waƙoƙin da ke fitowa daga situdiyoyin Kano da Kaduna a yau, gangar da ake ji a cikinsu fiyano ne da kwamfuta suka buga ta. Makaɗa suna nan birjik, sai dai ganga tana da wuyar ɗauka. Ƙararta na tashi farat ɗaya, ta bugi bango ta dawo, shi kuwa makirufo ba ruwansa, duk abin da ya ji kwashewa yake yi.

Don haka mai son haɗa situdiyo a gida ya fara duba ɗakinsa kafin ya nufi kasuwa. Tsaya a tsakiyar ɗakin, ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. In ka ji amsa-kuwwa mai kaifi tana bin bayan tafin, to bangon siminti da tayil ɗin ƙasa ne ke jefa wa juna sautin. Maganinsa kayan da ke shanye sauti: darduma mai kauri a ƙasa, barguna ko labule masu nauyi a bango, sai tsohuwar katifa a jingine a kusurwa, domin a lungu sauti mai kauri yake taruwa. Kwalin ƙwai da wasu ke liƙawa a bango, amfaninsa bai taka kara ya karya ba. Kuma duk wannan sautin cikin ɗaki kawai yake gyarawa, ba ya hana maƙwabta ji. Wannan kam sai bango mai kauri da toshe kafofin ƙofa da taga.

Batun makirufo, ba yawa ake nema ba. Shure SM57, wanda ya fito tun 1965, har yau da shi ake ɗaukar ganga a manyan situdiyoyi, saboda yana jure ƙara da wahala. In kalangu ne, a ajiye shi kamar santimita 30 zuwa 40 daga fuskar da ake bugawa, a ɗan karkace. Kada a manna shi, domin mai kalangu motsi yake yi, yana matse igiyoyin a hammata yana sakewa, kuma a wannan hawa da saukar murya daɗin kalangu yake.

Inda mutane suka fi faɗawa rami shi ne wajen makirufo biyu. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, saboda haka in ɗaya ya fi ɗaya kusa da gangar, bugun ba zai iso musu tare ba. Da an haɗa su sai su ci juna, gangar ta fito siririya ba nauyi. Glyn Johns, injiniyan sauti na Ingila da ya ɗauki faifan farko na Led Zeppelin wanda ya fito a 1969, ya yi suna da ɗaukar jerin gangunan Turawa da makirufo uku ko huɗu kacal. Dabararsa ita ce biyun da ke sama su zama nisansu ɗaya daga ƙaramar gangar tsakiya. Igiya ta ishe ka aunawa.

Saura sawun-kad, wato na'urar da ke haɗa makirufo da kwamfuta, mai ƙofofi daidai da yawan makirufonka, da manhaja irin su Reaper ko Audacity. A ɗauka a 24-bit, a sa makaɗin ya yi bugunsa mafi ƙarfi, a rage ƙarfin shigar sautin har alamar da ke auna shi ta tsaya wajen -10 dB. Sautin da ya fashe wajen ɗauka ba ya gyaruwa daga baya.

A kashe fanka, a nisanta janareta, in da hali a koma kan inbata. Da damina kuma fatar ganga kan saki saboda laima, sai a shanya ta a rana ta ɗaure kafin makaɗi ya zauna.