Ku Toshe Tagogin Ɗakin 'Yan Tsaki Kafin Hunturu



Hunturun bara na zuba 'yan tsakin burola 100. Kwana huɗu da zuwansu, da asuba na tarar sun cure a lungu guda, sun danne juna, 17 sun mutu. Ga tukunyar gawayi tana ci, to me ya faru? Ashe iska ce ke kwararowa ta ragar tagar da ke fuskantar arewa maso gabas, inda hunturu ke busowa.

Bana tun Oktoba na shirya, kuma kusan kyauta. Buhunan abincin kaji na wanke, na shanya, na farke, na ɗinke su da basilla, na kafa a bayan raga da ƙusoshi. Ƙananan kafofi na cusa musu tsumma. A ƙasan ƙofa na ajiye buhun yashi.

Don gano inda iska ke shiga, ku jiƙa hannu da daddare, ku tsuguna daidai tsayin tsaki, ku bi bango. Inda kuka ji sanyi, nan ne.

Amma don Allah kada ku rufe ruf! Ku bar tazara kamar tafin hannu a sama. Gawayi na fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, ga kuma warin kashi da ke jawo musu mura. Rana ta yi zafi, a ɗage buhunan.

Satin farko suna son ɗumi 32 zuwa 35°C. In sun bazu suna ci suna sha, an dace. In sun koma gefe guda, akwai kafar da ta rage.

Ku da me kuke toshe naku?