3.4 Gado da Kiwo a Samuwar Ƙwayoyin Kitse: Misali Daga Shanun Birnin Gwari

A sashen da ya gabata an nuna cewa Bunaji, wato farar saniyar Fulani mai tozo, ita ce ta fi yawa a rugagen Birnin Gwari. Wannan sashe kuwa zai duba abin da ke sa a ɗaure bijimai biyu a turke ɗaya, a ba su dusa da harawa daidai wa daida, amma ɗaya ya yi kitse ɗaya ya ƙi. Masu turka kan ce ƙashi ne, wato gado. Sun yi gaskiya, sai dai ba su faɗe ta duka ba.

Kitse taron ƙwayoyin halitta ne, kowace tamkar 'yar salka mai ajiye mai. Ƙwayoyin kitse da na jijiyar nama tushensu ɗaya, kuma wasu ƙwayoyin gado ne ke raba musu hanya. Ɗaya daga ciki, mai suna Zfp423, wadda aka bayyana aikinta a 2010, ita ke karkata ƙwayar tushe zuwa ɓangaren kitse. Daga nan sai PPAR-gama, wadda aka tabbatar da matsayinta tun 1994, ta haɗa hannu da C/EBP-alfa su ƙarasa aikin, ƙwayar ta soma tara mai. Ba a ko'ina kitse ke fara taruwa lokaci guda ba. Na cikin ciki ne kan gaba, sai na ƙarƙashin fata, sai na tsakanin tsoka da tsoka, na ƙarshe shi ne wanda ke ratsa cikin tsokar kanta, mai sa nama taushi. A wannan na ƙarshe shanun Wagyu na Japan suka yi fice, shanu masu tozo kuwa ba su cika tara shi ba. Wannan shi ne rabon gado.

Amma mallakar ƙwayar gado daban, yin aikinta daban. Akwai wani ɗan sinadari mai suna metil da kan manne a jikin zaren DNA, ya hana karanta wurin da ya manne, ba tare da ya sauya ko harafi ɗaya na saƙon ba. Idan aka kulle Zfp423 ta wannan hanya, ƙwayoyin tushe kaɗan ne za su bi hanyar kitse. Abincin uwa na cikin abubuwan da ke shafar wannan kulle da buɗewa. Samuwar ƙwayoyin kitse tana kankama ne daga wajen tsakiyar goyon ciki, ta ci gaba har maraƙi ya kai kimanin kwana 250 a duniya. Bayan haka sababbin ƙwayoyi ba sa samuwa sosai, sai dai waɗanda ke akwai su cika su kumbura. Ke nan mai turka cika salkuna kawai yake yi. Adadinsu an riga an yanke shi tun dabbar ba ta zo hannunsa ba.

A nan ne yanayin Birnin Gwari ya shigo. Saniya kan yi wata tara da 'yan kwanaki da ciki. Wadda ta ɗauki ciki a Agusta, lokacin da gamba ke kore, za ta kai tsakiyar goyonta a ƙarshen Disamba, ta haihu a Mayu. Wato rabin goyo na biyu gaba ɗayansa ya faɗa cikin rani da bazara, sa'ad da ciyawa ta bushe ko gobarar daji ta cinye ta, makiyayi na hawa kawo da maɗaci yana saro ganye. Wani gwaji da aka buga a Amurka a 2010 ya nuna cewa shanun da suka sami kyakkyawar makiyaya daga tsakiyar goyo sun haifi maruƙan da, bayan an turke su, suka fi nauyi da kaurin kitse da taushin nama.

Har ila yau, makiyayar ta ƙuntata. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936, ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, kuma doka ta hana kiwo a cikinsa. Satar shanu da ta yi ƙamari bayan 2010 ta kori garkuna da dama daga fadamun da suka saba cin rani, ta tilasta wa shanu masu ciki doguwar tafiya. An sake buɗe karar shanun Birnin Gwari a Nuwamban 2024, amma dillali a kara zai iya duba haƙori da tozo da faɗin ƙugu ne kawai, ba ranin da uwar ta sha ba.

A bisa wannan, al'adar tara duk dusa da harawar wake domin bijimin sallah, a bar saniya mai ciki da busasshen kara, tana buƙatar gyara. Ware wani kaso na harawa da angurya da kanwa ga masu ciki daga Disamba zuwa Afrilu ya fi kusa da lokacin da ƙwayoyin kitsen maraƙi ke samuwa.