Gafakar Zamani: Faɗakarwa a kan Gidan Fata na Na'urar Wasa ta Hannu

Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya lissafa fatun dabbobin gida cikin jerin ni'imominsa a Suratun Nahli, da salati ga Fiyayyen Halitta, abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau wani ɗan al'amari ne da na gani da idona a Yasore, can yammacin Katsina, wajen ƙasashen Batsari da Safana, maƙwabtan dajin Rugu. Al'amarin da mai gaggawa zai ce bai kai a ɓata masa tawada ba, alhali kuwa idan an yi masa duban tsanaki, akwai dukiya a cikinsa, akwai sana'a, har da mas'ala ta fiƙihu.

Wani ɗan ƙanwata ne, yaro mai shekara 12, wansa da ke cin rani a Kano ya kawo masa tsarabar na'urar wasa ta hannu, irin wadda yara ke ce wa gem. Kuma ko da yake ta hannu ce, ba sabuwa ba, sai da mai tsarabar ya yi watanni yana tarin kuɗinta. Yaron nan bai ga ma'ajin da ya fi aljihun rigarsa ba, inda take kwana tare da soyayyar gyaɗa, da makullin keke, da tsakuwoyin harbin tsuntsu. Kafin damina ta faɗi, fuskarta ta yi zane kamar kaza ta yi tono a kanta, maɓalli ɗaya ya ƙage, daga bisani ta zame daga aljihun a kan babur, ta tsage. Da ya kawo mini ƙara, hawaye cike da idonsa, yana cewa, "Kawu, wallahi ban jefar da ita ba," sai na ɗaga kai, idona ya faɗa kan gafakar kakansa tana rataye a bangon zauren, da Alƙur'ani rubutun hannu a cikinta, wanda ya girmi uban yaron, amma har yau babu warƙa ɗaya da gara ta taɓa ko danshi ya ɓata. Ba ina haɗa darajar Littafin Allah da ta abin wasa ba ne, Allah ya tsare ni da haka. Hikimar da ta ɗinka gafaka ita nake nufi, watau cewa duk abin da ka san ƙimarsa, kuma ba ya jure wahala, to, ka yi masa gida tun bai lalace ba.

Ita wannan na'ura daga Japan ta shahara. Kamfanin Nintendo, wanda aka kafa a birnin Kyoto a 1889 yana buga karta, shi ne bayan shekara 100 daidai, a 1989, ya fito da Game Boy, wadda ita da ƙanwarta mai launi aka sayar da fiye da guda miliyan 118 a duniya. Sony ya biyo da PSP a 2004, Nintendo ya sake fitowa da Switch a 2017, wani kamfanin Amurka mai suna Valve ya kawo Steam Deck a 2022. Ban da ɗimbin ƙanana masu araha da ke zuwa daga ƙasar Sin, waɗanda su suka fi isa hannun yaranmu. Abin lura a nan shi ne, gwargwadon ƙaruwar basirar na'urar, gwargwadon ƙaruwar rauninta: Game Boy ta farko dunƙulalliya ce mai ƙaramar fuska, tana shan faɗuwa ta tashi, amma na yanzu kusan rabin jikinsu fuska ce, ga 'yan sandunan sarrafawa sun miƙo kai waje, ga kafofin shan iska, ga batirin da ba ya shiri da zafi.

Waɗanda suka ƙera ta kuwa ba su yi lissafin ƙasarmu ba. Na farkon maƙiyanta a nan ƙurar hunturu ce, wadda ke kutsawa ƙarƙashin maɓallai da gindin sanduna har su riƙa motsi ba a taɓa su ba, kuma a cikinta akwai ƙwayar yashi da ta fi gilashi tauri, saboda haka duk wanda ya goge fuskar da hannun riga alhali da ƙura a kai, kankare ta ya yi. Na biyu zafin bazara ne, domin masu Switch sun ƙayyade a yi aiki da ita tsakanin digiri 5 da 35, mu kuwa a watan Afrilu ma'auni kan haye 40 a inuwa, balle a ɗakin kwano ko cikin akwatin babur. Na uku danshin damina, mai sa tsatsa a bakin caji. Na huɗu faɗuwa da matsi, ko a kan hanyar da babur ke tsalle kamar ɗan akuya, ko a teburin mai caji, inda ake jibge wayoyin gari guda, wata a kan wata.

Maganin waɗannan ba baƙo ba ne a wurinmu, sai dai mun bar shi ya tsufa a hannunmu. Kakanninmu ba su bar wani abu mai daraja tsirara ba: takobi da wuƙa suna da kube, kibiya tana da kwari, askar wanzami tana da zabira, kwalli yana da tandu, ruwan matafiyi yana da salka, littafi yana da gafaka. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, da ya ratsa Katsina ya shiga Kano a 1851, ya ƙiyasta cinikin takalman da Kano ke fitarwa a kan wuri miliyan 10 a shekara, ya kuma ambaci jar fatar da ake rinawa da karan dafi ana kai ta har Tarabulus. Fatar jar akuyar Sakkwato da ta Maraɗi ita ce fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita, Turawa suka same ta ta hannun mutanen Magrib, suka laƙaba mata sunan Maroko, kuma har yau masu yi wa littattafai bango a Ingila suna girmama ta saboda ƙarko da kyawun ƙwayarta. Ashe ba abin takaici ba ne, a ce fatar da ta tufatar da littattafan wasu ta kasa tufatar da abin da ke hannun 'ya'yanmu, har sai mun sayi roba daga ƙetare?

Sirrin wannan ƙarko yana cikin jima. Majemi kan jiƙa fata, ya sa ta a ruwan toka har gashin ya saki, ya kankare da kartaji, ya tausasa ta, sa'an nan ya tsoma ta cikin ruwan dakakkiyar bagaruwa, wadda ɗacinta ke ratsa fatar ya hana ta ruɓewa. Bayan haka a shafa mai, a shanya a inuwa, a rina: ja da karan dafi, baƙi da kuloko, rawaya da gangamau. Masana'antun zamani, irin na Challawa da Sharaɗa a Kano, galibinsu da sinadarin kurom suke jima, wanda ya fi sauri, fatarsa kuma ta fi laushi da jure ruwa. Amma fatar bagaruwa tana da wata falala da ta dace da maganarmu, ita ce idan an jiƙa ta aka ɗaure a jikin wani abu ta bushe, sai ta riƙe siffarsa, ta yi tauri kamar ƙwarya. Gidan na'ura kuwa abin da yake bukata ke nan.

Sai dai kada baduku ya ɗauka cewa wanda ya iya kube ya gama iya wannan, gama kowane baƙo da irin shimfiɗarsa. Da aka gyaro na'urar yaron nan daga Kano, da kuɗin da ya isa ɗinka gidaje da yawa, na kai ta wurin wani dattijon baduku, na zauna a rumfarsa ina kallo. Ya juya ta, ya auna da zare, ya ce, "Allah gafarta Malam, wannan ai amarya ce, ba a matsa mata." Bai yarda ya naɗa mata jiƙaƙƙiyar fata ba, sai ya sa masassaƙi ya fafe masa guntun icce daidai girmanta, da ɗan ƙari ta kowane gefe, domin fata tana tsukewa idan ta bushe, kuma a kan wannan icce ya gina gidan. Da yake fatar akuya ba ta da kauri, sai ya yi ta hawa uku: rinanniya a waje, kirgi a tsakiya don ya tare duka, tattausan ƙyalle marar rini a ciki, domin jan karan dafi yana zuba, zai iya ɓata farar na'ura. Ya bar rami biyu daidai kan sandunan don kada su danne, ya ninka kusurwoyi huɗu saboda nan faɗuwa ke fara sauka, ya binne ɗinkin basillarsa ta yadda zare ba zai gogi fuska ba. Da na ce ya sa maɓallin ƙarfe, sai ya girgiza kai, ya tuƙa maɓalli na fata da maɗauki irin na gafaka, ya yi marfi mai zurfi wanda ke hana ƙura shiga, ya keɓe wa wayar caji aljihunta dabam a baya.

Shi kuma mai saye, wajibi ne ya san abin da yake saye, domin mafi yawan abin da ake kira fata a kasuwa roba ce aka shafa a kan yadi, wadda ba ta cika shekara a zafinmu sai ta fara saɓulewa kamar maciji. Araha dai ba ta ado. Ya dubi bayanta da bakin yanka: ta gaskiya tana da gashi-gashi na tsoka, ta jabu saƙa ce a fili. Ya dubi ƙwayarta: ta gaskiya ba ta daidaita ko'ina, ta jabu zanenta maimaici ne. Ya sansana: ƙamshin bagaruwa dabam, warin roba dabam, idan kuwa ya ji ɗoyi, jimar ba ta nuna ba, kada ya karɓa ko da kyauta ne. Akwai kuma abin da ya shafi addini, domin a ƙasashen waje akan yi wa jakunkuna shafi da fatar alade, alamarta kuwa ita ce kafofin gashinta suna zaune uku-uku. Mashhurin zance a mazhabar Imamu Malik, kamar yadda yake a Muhtasar na Shehu Halil, shi ne an yi rangwame a yi amfani da jemammiyar fatar mushe a cikin busassun abubuwa da ruwa, amma an togace ta alade. Wanda ya saya a hannun majemin garinsu, fatar dabbar da aka yanka da sunan Allah, ya huta da wannan waswasi, musamman da yake abu ne da yaro zai iya mantawa da shi a aljihu ya tayar da salla.

Bayan an samu gidan, saura ladubban riƙonsa, ga su a taƙaice. Kada a sa na'urar ciki tana da ɗumi, sai an kashe ta ta huce. Kada a yi mata caji tana rufe, domin fata tana riƙe zafi kamar bargo. A riƙa kakkaɓe cikinsa, gama ƙwayar yashi ɗaya da ta maƙale a ƙyallen ta isa ta yi ɓarnar da aka guda. Idan ruwa ya jiƙa shi, a fitar da na'urar nan take, a shanya shi a inuwa, ba a rana ko bakin murhu ba. Da damina a rataye shi inda iska ke ratsawa saboda fumfuna. Da hunturu a shafa masa ɗan man kaɗanya ta waje kaɗai, kada ya tsattsage.

Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa ƙasar nan ta Batsari da Safana ta sha jarrabawa, satar dabbobi ta rage garkuna, har a 2021 aka dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanninta, aka yanke layukan waya na wasu watanni; kuma dukanci yana cikin sana'o'in da suka ji jiki, tun ma kafin haka roba ta ƙwace masa takalmi da guga. Amma kowace Babbar Salla fatu na tashi daga gidajenmu, wasu su ruɓe a bayan gida don rashin gishiri, wasu su bi mota zuwa Kano, daga nan Italiya da Sifen, su komo mana da tsadar da ba ma iya taɓawa. Malamanmu sun karantar da mu, kamar yadda yake a Risala ta Ibnu Abi Zaidin, cewa ba a sayar da kome na layya, har fatarta, amma ba a hana mai ita ya amfana da ita ko ya yi sadaka ba. To, me zai hana magidanci ya kai fatar akuyarsa wurin majemi, ya biya ladan jima, baduku ya fitar masa da gidan waya, da na gem, da gafakar ɗan makaranta? Cibiyar koyar da fasahar fata tana nan a Samaru ta Zariya ga matashin da ke son ƙarin ilmi, amma harsashin sana'ar yana rumfar dattijon unguwa, kuma ba zai dawwama ba.

Yanzu yaron nan an kafa masa ƙusa a bangon zaure, can ƙasa da gafakar kakansa. Kakan ya gindaya masa sharaɗi: idan ladan ya kira salla, ko lokacin ɗaukar allo ya yi, a kashe, a bari ta huce, a sa a gida, a ja maɗauki, a rataye. Da na je bara na tarar da jar fatar ta yi duhu da sheƙi saboda yawan taɓawa, fuskar na'urar kuwa babu ko ƙwarzane. Na yaba wa aikin badukun, sai kakan ya yi murmushi ya ce, "Ni abin da ya fi burge ni da gidan nan, Malam, yana da marfi." Allah ya sa mu san lokacin buɗewa da na rufewa, amin.