Yadda kotu ke tilasta biyan kuɗin kula da lafiyar yara bayan rabuwar aure

Mutuwar aure tana raba miji da mata, amma ba ta sauke nauyin kula da lafiyar 'ya'yansu ba. Matsalar da ake yawan fuskanta ita ce yaro ya kwanta rashin lafiya a hannun mahaifiyarsa, alhali sunansa yana cikin inshorar mahaifin da ya daina waiwayarsu.

Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta fayyace wannan nauyi. Sashe na 13 ya ba kowane yaro haƙƙin samun kulawar lafiya, sashe na 14 kuma ya wajabta wa iyaye ɗaukar ɗawainiyarsa gwargwadon ƙarfinsu, tare da ba shi damar neman wannan haƙƙi a kotu. Dokar ta kafa Kotun Iyali a mataki biyu, na majistare da na babbar kotu. Tana aiki kai tsaye a Babban Birnin Tarayya, Abuja, yayin da jihohi ke amfani da dokokin da majalisunsu suka zartar.

Irin auren da aka ɗaura yana da tasiri kan kotun da za a nufa. Idan auren rajista ne, sashe na 70 na Dokar Shari'ar Aure ta 1970 ya ba babbar kotu ikon yanke kuɗin ɗawainiya bayan ta duba samun kowane ɓangare. Dokar ba ta shafi auren Musulunci ko na gargajiya ba, waɗanda kotunan Shari'a da na gargajiya ke saurara. A mazhabar Malikiyya, ciyar da ɗa namiji yana kan uba har ya balaga ya iya neman na kansa, 'ya mace kuwa har ta yi aure ta tare, ko da renonsu yana hannun uwa.

Ta fuskar inshora, dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, wadda tsohon Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Mayun 2022, ta wajabta inshorar lafiya ga mazauna Najeriya. Tsarin ma'aikata ya ƙunshi ma'aikaci da abokin aurensa da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, kuma ana biyan kashi 10 cikin ɗari na kuɗin magani. Saki yana iya fitar da matar daga tsarin, tunda aure ne ya shigar da ita, amma matsayin 'ya'ya ba ya canzawa.

Saboda haka yana da muhimmanci umarnin kotu ya fito filla-filla: wanda zai ci gaba da riƙe yara a inshora, wanda zai riƙe katinsu, asibitin da za a yi musu rajista, da yadda za a raba kuɗin jinyar da inshora ba ta ɗauka ba. Umarnin da ya tsaya a kan “kula da yara” kawai yana da wuyar zartarwa.

Idan wanda aka umarta ya ƙi biya, mai ƙara zai koma kotun da ta yanke hukunci da takardun asibiti da rasit. Kotu na iya umartar a riƙa cire kuɗin daga albashinsa, ko a karɓo su daga asusunsa na banki, ko ta hukunta shi bisa raina kotu. A Abuja, sashe na 16 na Dokar Hana Cin Zarafin Mutane ta 2015 ya tanadi ɗaurin da bai wuce shekara uku ba, ko tarar da ba ta wuce N500,000 ba, ko duka biyu, ga wanda ya yi watsi da iyalinsa babu abin masarufi.

Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya yana iya neman taimako a Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA.