Gwajin Jini Domin Tabbatar Da Juna Biyu

Daga Wakilinmu

A al'adarmu, mace ba ta cika faɗin cewa tana da juna biyu ba sai ciki ya fito fili, musamman ma idan na fari ne, saboda kunya. Abin da takan dogara da shi wajen ganewa shi ne ɗaukewar haila da tashin zuciya da kasala. Amma waɗannan alamu sukan yaudari mutum, domin shayarwa da rashin lafiya da yawan damuwa duk suna iya tsayar da haila, kuma wata macen takan ga ɗan jini alhali kuwa ciki ya riga ya shiga. Wannan shi ya sa likitoci suka fi dogara ga gwaji, kuma gwajin jini shi ne mafi saurin nuna gaskiya.

Abin da ake nema a cikin jinin wani sinadari ne da masana suke kira hCG. Bayan ƙwai ya sadu da maniyyi da kamar kwana shida zuwa goma, sai ya manne a jikin mahaifa. Daga nan ƙwayoyin da za su zama mabiyiya suke fara fitar da wannan sinadari, wanda aikinsa shi ne ya sa jiki ya riƙe cikin, kada haila ta zo. Jini yake fara shiga, sa'an nan ya gangara cikin fitsari. Saboda haka ana iya ganinsa a jini kamar kwana goma ko goma sha ɗaya bayan shigar ciki, watau tun kafin ranar haila ta wuce, alhali gwajin fitsari ya fi inganci idan an jira ranar ta wuce.

An daɗe ana neman wannan ilmi. A shekarar 1927 waɗansu likitoci biyu a birnin Balin na ƙasar Jamus, Selmar Aschheim da Bernhard Zondek, suka gano cewa idan aka yi wa ƙananan ɓeraye mata allurar fitsarin mai ciki, ma'ajiyar ƙwansu takan sake kama. Daga baya aka koma ga zomaye a Amurka, da kuma wani irin kwaɗo na Afirka ta Kudu, wanda macensa takan saki ƙwai cikin kwana guda idan an yi mata allurar. A shekarar 1960 Leif Wide da Carl Gemzell na ƙasar Suwidin suka fito da gwajin da ba ya bukatar dabba. A 1972 kuma Judith Vaitukaitis da abokan aikinta a Amurka suka samo hanyar auna sinadarin a cikin jini komai ƙanƙantarsa, ba tare da an ruɗa shi da wani mai kama da shi ba. A kan wannan aiki nasu aka gina gwajin da ake yi yanzu.

Gwajin iri biyu ne. Na farko yakan ce akwai ko babu kawai. Na biyu kuwa yakan faɗi yawan sinadarin da lamba. A mafi yawan ɗakunan gwaji, idan lambar ba ta kai 5 ba, babu ciki. Idan ta haura 25, akwai. Idan ta faɗa tsakani, sai a sake ɗibar jini bayan kwana biyu. Ba a bukatar mace ta ƙi cin abinci kafin a yi shi, jini kaɗan ake ɗiba daga jijiyar hannu.

Babban amfanin lambar yana cikin yadda take tafiya. A makonnin farko na ciki mai lafiya, takan ninka kanta duk bayan kwana biyu ko uku, har ta kai ƙololuwa tsakanin mako na takwas da na goma sha ɗaya, sa'an nan ta fara sauka. Idan likita ya ga tana raguwa da wuri, yakan yi zargin ɓari. Idan tana hawa da nawa, yakan ji tsoron ko cikin ya zauna a bututun ƙwai maimakon mahaifa. Irin wannan yakan sami kamar ciki ɗaya ko biyu cikin ɗari, kuma in bututun ya fashe jini yakan zuba a cikin ciki har ya kai ga rasa rai. Idan kuwa lambar ta yi yawa ƙwarai, mai yiwuwa tagwaye ne, ko kuma wani tsiro ne ya cika mahaifar ba tare da ɗa ba. Duk da haka lamba ita kaɗai ba ta yanke hukunci, sai an haɗa da hoton ciki, domin shi ne yake nuna inda cikin ya zauna da kuma watanninsa.

Akwai abubuwan da sukan ruɗa gwajin. Sinadarin yakan yi makonni a jiki bayan haihuwa ko ɓari, haka kuma allurar neman haihuwa mai ɗauke da shi tana iya sa a ga kamar akwai ciki. In kuma aka yi gaggawar yin gwaji, sai ya ce babu alhali akwai. Don haka wajibi ne mace ta gaya wa likita ko ungozoma ranar hailarta ta ƙarshe da magungunan da take sha.

Har ila yau gwajin yana taimakon matan da ake cewa cikinsu ya kwanta. Macen da ta yi watanni ba ta ga haila ba, aka gwada jininta aka ga babu sinadarin, ya kamata a bincika mata abin da ya tsayar da hailar, tun da sau da yawa ciwo ne mai magani.

Watanni ukun farko su ne lokacin da gaɓoɓin ɗa suke haɗuwa, kuma a nan ne magani ko jiƙon da aka sha da ka yake iya yin ɓarna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2016 cewa mai ciki ta sadu da ma'aikatan lafiya sau takwas, na farko cikin mako goma sha biyun farko. Muna kira ga magidanta da su ba iyalansu izni da kuɗin zuwa awo da wuri. Macen da hailarta ta ɗauke, sa'an nan ta ji ciwon mara mai tsanani a gefe guda, ko jiri, ko ta ga jini, a garzaya da ita asibiti nan take, kada a jira wayewar gari.