Kyuss: Makaɗan da janareta ya raina a hamadar Kaliforniya

Idan aka ce janareta, abin da ke zuwa zuciyar mai shago a Kano ko Kaduna shi ne ƙara da hayaƙi da kuɗin mai. A kudancin jihar Kaliforniya ta Amurka kuwa, wannan na'ura ce ta raini wani salon kiɗa da ake kira stoner rock, kuma ƙungiyar da aka fi dangantawa da kafuwarsa ita ce Kyuss.

Wasu 'yan makaranta ne suka kafa ta a garin Palm Desert a shekarar 1987, cikinsu har da Josh Homme mai jita, da John Garcia mawaƙi, da Brant Bjork mai ganga. Shekarun Homme 14 a lokacin. Sun fara da sunan Katzenjammer, suka koma Sons of Kyuss, kafin su taƙaita shi a 1991. Da yake garin na masu hutu ne da tsofaffin da suka yi ritaya, babu gidan rawar da zai buɗe wa yara ƙofa. Sai suka riƙa ɗora janareta da lasifika a mota, su nausa cikin hamada da dare, su yi ta kiɗa har gari ya waye. Ba tikiti, ba mai gadi. Wanda kiɗansa bai gamsar ba, a take 'yan kallo za su sanar da shi.

Wannan fili marar bango shi ya tsara sautinsu. Homme yakan sassauta tsirkiyoyin jitarsa har muryarta ta yi ƙasa ƙwarai, sannan ya haɗa ta da lasifikar da aka ƙera domin jita mai kaurin murya. Abin da ke fitowa wani ruri ne mai nauyi, wanda mai sauraro ke ji a ƙirjinsa kafin kunnensa. Sukan ɗauki gajeren zubi guda su yi ta nanata shi, a hankali, sai hankalin mutum ya fara yawo, kana su ɓalle da gudu. Nauyin sun gaje shi ne daga irin su Black Sabbath ta Ingila, yawon hankalin kuma daga kiɗan ƙarshen shekarun 1960. Sunan salon yana nuni ne ga mashaya tabar wiwi, kuma Homme bai taɓa ɓoye ƙyamarsa ga wannan laƙabi ba. A ganina yana da hujja, domin laƙabin ya rufe aikin da ke cikin kiɗan.

Kundi huɗu suka fitar. Na biyu, Blues for the Red Sun na 1992, wanda Chris Goss ya tsara, shi ya ja hankalin masana, har Metallica ta ɗauke su su buɗe mata wasanni a Ostareliya a 1993. Welcome to Sky Valley ya biyo baya a 1994, an ɗaure waƙoƙinsa cikin dogayen kashi uku, don kada mai sauraro ya riƙa tsallake. Yabo ya samu, ciniki bai samu ba. A 1995 suka watse.

Bayan rabuwar ne sunan ya yi daraja. Homme ya kafa Queens of the Stone Age, ya samu kasuwar da Kyuss ba ta taɓa gani ba. Da Garcia da Bjork da Nick Oliveri suka dawo fage a 2010 da sunan Kyuss Lives!, sai Homme da Scott Reeder, tsohon ɗan ƙungiyar, suka maka Garcia da Bjork a kotu a 2012 kan mallakar sunan. Kotu ta hana su fitar da faifai da shi, dole suka koma Vista Chino. Abokan ƙuruciya ke nan, suna shari'a kan kalma guda.

Hamadar tasu ta karɓi baƙi daga tamu nahiyar. Lokacin da rikici ya hana Tinariwen, makaɗan Abzinawa na arewacin Mali, yin aiki a gida, a Joshua Tree suka naɗi kundinsu Emmaar na 2014, tafiyar da ba ta wuce ta awa guda a mota ba daga inda yaran Palm Desert suke tayar da janaretansu.